Farar Ƙafa a Akwatin Bature

Ana sallame sallar asuba muka fita daga Kiru, ƙullin ɗinkina a kan jakin maƙwabcina, muka nufi tashar jirgin ƙasa ta Dangora. Ku da kuka dame ni tun da na dawo, wai me ya sa na rage surutu, kuma wane ne tsohon nan da ke zaune a zaurena, to ku gyara zama. Ni tela ne, kun sani, ba matafiyi ba. Abin da ya fitar da ni, an ce mini leburorin kuza a Riruwai, in aka biya su a ƙarshen wata, ko tsumma ka ɗinka da jan zare sai sun saye. Na ɗinka taguwoyi da wanduna, na haɗa da turmin farin akoko, na ce bari in je in gane wa idona.

Kaka ce, dawa duk ta sunkuyar da kai, mata na tsinkar gyaɗa a gonaki. A tasha muka tarar da motar kamfanin kuza ta zo ɗaukar kaya. Direban wani ƙato ne mai wushirya, in ya yi dariya har motar girgiza take. Ya ce sule uku. Na ce ashe da jirgin sama za mu. Ya ce in ban so ga ƙafata nan. Na biya ina ƙunƙuni.

Cikin kayan akwai wani dogon akwatin katako ɗaure da ƙarafa, an yi masa rubutun boko ta ko'ina. Kafin a tura shi cikin motar sai da leburorin tasha suka jiƙe sharkaf, da igiyoyi da gungume. Na tambayi direba mene ne a ciki, ya ce na Baturen kuza ne, inji ne ko wani abu, shi dai an ce masa kada ya buge.

Muna shirin tashi sai ga wasu mutum biyu daga Bebeji, sun taho da wani tsoho a kan jaki. Ɗayansu ya dube mu duka, ban san me ya gani a fuskata ba, ya ja ni gefe ya ce ga amana. Matar tsohon ta rasu da bazara, ɗakinsa ya rushe da damina, cutar yana ta rufe masa idanu sai inuwa-inuwa yake gani, ƙafafun ma sun gaji. Ɗa ɗaya gare shi a duniya, ya tafi kuza shekaru da yawa, ba saƙo ba aike. Maƙwabta sun yi iya yinsu, shi kuma ya ce ba zai mutu a kwanon wasu ba alhali ya haifa. Mutumin ya raɗa mini sunan ɗan a kunne, domin ɗan fari ne, ko za a yanka tsohon ba zai kama sunansa ba. “Yaron” kawai yake cewa. Na ce to, Allah ya ba ni ikon riƙewa. Muka ɗaga shi muka jingina da akwatin nan, shi ne waje mafi daɗin zama a motar.

Hanyar Tudun Wada, kai, ba a magana. Ruwan damina ya zaizaye ta, ga gargada, haƙoranka na haɗuwa ba ka ce musu ba. Wata mata mai tallar daddawa da ke kusa da ni tun tana salati a ɓoye har ta koma yi da ƙarfi. Tsohon kuwa ko a jikinsa. Ya rungume wani ɗan ƙulli na sabuwar gyaɗa da ya roro a gonar maƙwabci, tsaraba ce ga yaron. Yana ta ba ni labarinsa: wai tun yana ƙarami murya gare shi, in ya yi kira daga fadama har cikin gari ana ji. Na ce, “Baba, in mun je yaya za ka gane shi?” Ya ce yaron ya buɗe baki kawai.

A Tudun Wada muka tsaya azahar. Furarsu ta fi tamu yaji, nonon kuwa mai kauri, ta kwabo biyu ta ishe mu ni da tsohon. Rake araha kamar a ce ɗauki. Rana ta yi zafi, sai na shimfiɗa buzuna a inuwar motar na yi salla, motar na gabas da ni. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga nan muka shiga dajin Falgore. Ni da na saba da sararin Kiru, inda kake hango mai zuwa tun daga nesa, sai ga itatuwa sun haɗe kai a sama, rana sai ta leƙo. Birai a bakin hanya ko gudu ba sa yi, kallonmu suke kamar mu ne baƙi, kuma gaskiyarsu. Tsando ya cije ni a wuya, har yau wurin bai baje ba. Direba ya daina dariya, ya kama sitiyari da hannu biyu.

Muna fita dajin, kafin Doguwa, akwai wani rafi da ba gada, duwatsu kawai aka jera a ƙasan ruwa. A tsakiyarsa ƙafar motar ta baya ta zame. Motar ta karkace, muka zube a kan juna, akwatin nan ya sulale ya daki gefen mota, ji kake ƙarass! Allah ya kiyaye na riga na fizgo tsohon. Mutanen wani ƙauye da ke tsallaken suka rugo, aka sa kafaɗa aka tura mu zuwa tudu. Ana cikin barka da arziki, sai mai daddawa ta ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba.

Katako biyu sun ɓalle daga gefen akwatin. Daga cikin ciyawar da aka cusa, ƙafar mutum ce ta leƙo. Ƙafa, jama'a! Fara fat, ga yatsu biyar, ga farce, ga jijiyoyi sun taso a kan idon sawu, fatar ta tattare. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ja da baya. Tun safe da gawa muke tafe, har na jingina bawan Allah da ita.

Kafin ka ce me, ƙauyen ya taru. Dama an daɗe ana raɗe-raɗin cewa ramin kuza ba ya ba da arziki sai an ba shi mutum. Samari suka cafke direba ta ɗamara, wani ya ɗauko tabarya. Ƙaton nan sai rantsuwa yake, hawaye na bin kumatunsa. Mu fasinjoji aka tsare mu a gindin wata ɗorawa. Mai gari ya zo, liman ya zo. Liman dattijo ne mai sanyin magana, ya ce ko wane ne wannan, tunda ya faɗo a ƙasarsu haƙƙinsa ya hau kansu: wanka, likkafani, salla, kabari. Maganar wanda ya kashe shi ta alƙali ce. Nan take aka tura masu haƙa, mata suka ɗora ruwa. Aka ce wa ke da farin yadi? Mai daddawa, Allah ya shirye ta, ta nuna ni. Haka aka kwance ƙullina aka zare turmin akokon da na ci burin riba a kansa.

Sai dai an rasa mai fara taɓawa. Kowa na cewa wane ya matsa. Tsohon nan, da yake ba gani yake sosai ba balle ya tsorata, ya ce a kai hannunsa. Na kama hannun ina kau da kai na ɗora. Ya shafa tafin, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa da farce, muka ji ƙyal-ƙyal.

“Na yi wa mutane da yawa wanka,” in ji shi. “Wannan ba gawa ba ce, dutse ne. Amma ƙafar tsoho ce, irin tawa.”

Maimakon hankali ya kwanta sai ya ƙara tashi, don wasu suka ce to ai mutum ne aka mayar dutse. Mai gari ya ce a ɓalle akwatin kowa ya huta. Aka sa gatari aka ɗaga katakon sama, aka yaye ciyawa.

Tabɗi! Ba mutum ɗaya ba ne. Wani ƙaƙƙarfan saurayi ne, ya saɓo wani tsoho a kafaɗa, ga wani ɗan ƙaramin yaro maƙale da ƙafarsa ta baya. Duk daga dutse guda, fari mai santsi kamar tangaran. Yatsun saurayin sun nutse a cinyar tsohon kamar yadda yatsa ke nutsewa a nama. Fatar cikin tsohon ta saki, haƙarƙarinsa a waje, gemunsa a murɗe. Kuma, ku yi haƙuri, kusan tsirara suke. Mata suka watse suna rufe fuska. Ni abin da ya fi ɗaure mini kai wani ɗan mayafi ne da ya zamo daga ƙugun tsohon. Ya yi lanƙwasa, ya yi tattara, kamar iska za ta ɗaga shi. Wallahi sai da na sa yatsa ina neman inda aka yi kalmasa. Babu ɗinki, babu zare, dutse ne. Wanda ya iya wannan, me ya hana shi sassaƙa musu wando?

Nan na tuna azahar ɗin Tudun Wada. Gunki a gabana, ni kuma ina ta kai goshi ƙasa! Na je na faɗa wa liman. Ya ce tunda ban sani ba, ba komai, amma in zuciyata ba ta kwanta ba in sake. Sai da na sake, na juya wa motar baya sosai kafin na tuna alƙibla ba ta canzawa, na matsa can gefe.

Tsohon bai bar wurin ba. Hannunsa na bin dutsen, daga ƙafar zuwa gwiwa, zuwa hannun da ya riƙe ta. Ya ce in gaya masa abin da nake gani, na gaya masa. Ya ce, “Shi mai ɗaukar, yana kallon fuskar tsohon?” Na ce a'a, Baba, kansa a sunkuye yake. Ya yi murmushi, ya ce, “To ɗansa ne. Ɗan dako ba ya sunkuyar da kai haka.” Daga nan har muka tashi fuskarsa a sake take, kamar an yi masa albishir.

Liman ya yanke cewa ba a yi wa dutse salla, kuma ba za su fasa kayan da ba nasu ba su jawo wa ƙauye fitina. A rufe masa tsiraici, a fitar musu da shi. Aka lulluɓe shi da akokona, aka saki direba, aka ce wa masu haƙa su mayar da ƙasa. A Doguwa muka kwana a zauren wani mahauci, ya ba mu tuwon dawa da miyar kuka, bai karɓi ko anini ba. Labari ya riga mu isa, yara da manya sai leƙen motar suke daga nesa.

Da hantsi muka isa Riruwai. Duwatsu ne jibga-jibga, an farke cikinsu, ruwa ja yana gangarowa, mutane kamar tururuwa da kwanuka a ka. Kowane yare ka sani akwai shi a barikin nan, da waɗanda ba ka sani ba. Komai tsada, ƙosai uku kwabo. Na zaunar da tsohon a kan benci a rumfar wani mai shayi kusa da inda motar ta tsaya, na matsa na tambayi mai shayin sunan da aka raɗa mini, na ce mutumin Bebeji ne.

“Helma kake nufi, shugaban leburori,” in ji shi. “Kowa ya san shi. Allah sarki, bara waccan mahaifinsa ya rasu. Nan muka zauna masa makoki, aka haɗa masa gudummawa, Bature ya ba shi hutu ya je gida.”

Wallahi tsoron da na ji a bakin rafi wasa ne. Na ajiye kofin shayin da ya miƙo mini. Na waiwaya, tsohon na zaune da ƙullin gyaɗarsa a cinya, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Na ce a raina Allah ya sa bai ji ba, Allah ya sa kuma suna ne ya zo ɗaya.

Baturen ya gangaro daga gidansa da ke kan tudu, wani siriri mai jan wuya, yana jin Hausa irin tasu. Ya yaye akokona ya duba ko'ina, da ya ga ba abin da ya karye sai murna. Ganin jama'a sun taru sai ya hau ba da labari. Wai aikin wani gwani ne na ƙasar Rum, tun zamanin kakannin kakanninsa, daga gidansu aka aiko masa. Wai a tatsuniyar mutanen Rum na dā, abokan gaba sun cinna wa wani birni wuta, kowa na kwasar dukiya, shi wannan saurayi ya bar komai ya saɓi gurgun ubansa ya fita da shi ta cikin wutar, kuma daga zuriyarsa aka kafa Rum ɗin. Mutane suka yi ta gyaɗa kai, wani ya ce ashe su ma sun san uba.

Ana haka sai muka ji wata murya daga bayan motar tana ba da umarni, a kawo igiya, a kawo sanduna. Murya ce mai cika waje. Hannun tsohon ya damƙi gefen rigata. Ba sai ya ce mini komai ba.

Helman ya zagayo, dogo, da gajeren wando da agogo. Goshin, hancin, tsagen kumatun, duk na tsohon ne. Idonsa ya faɗa kan bencin, maganar da ke bakinsa ta yanke. Ya tsaya ƙiƙam. Wani lebura ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce, “Helma, wane ne wannan? Kai, kamar an tsaga kara!” Ga Bature a tsaye, ga waɗanda suka zauna makoki, ga mai shayi da butarsa. Helman ya sunkuyar da kai. Na jira ya durƙusa. Na rantse har na fara matsawa don in ba shi wuri. Bai motsa ba.

Tsohon ne ya yi gyaran murya. Bai juya wajen ɗan ba, ƙasa yake fuskanta.

“Maƙwabcin marigayi ne ni, danginsa na nesa,” in ji shi. “Ban samu zuwa gaisuwa a kan lokaci ba, ƙafa ta ƙi. Yaro, ya haƙuri? Allah ya jiƙan mahaifinka. Ina wurin, kafin ya cika ya ce ya yafe maka duniya da lahira.”

Jama'a suka amsa da amin, wasu har da shafa fuska. Ya miƙa ƙullin gyaɗar, ya ce tsaraba ce daga gida. Helman ya karɓa, ya motsa baki, ban ji abin da ya fito ba. Jinina ya tafasa. Na buɗe baki zan tona shi a gaban uban kowa, sai tsohon ya matse mini wuyan hannu. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinsa ba. Na haɗiye maganar.

Bature ya tafa hannu ya ce a yi aiki. Aka ɗaure dutsen a kan sanduna, ƙarti suka jeru. Helman ya cusa gyaɗar a riga, ya sa kafaɗarsa a sandar gaba, ya ba da murya, suka ɗaga. Ina tsaye ina kallo ya hau tudu da uban wani, na dutse, a kafaɗa, yana ta yi wa na baya tsawa su bi a hankali kada ya buge. Tsohon ya karkata kunne yana bin muryar har ta yi nisa.

Kayana na zubar wa wani ɗan kasuwa a yadda ya taya, ban tsaya ciniki ba. Mun jira har la'asar ko helman zai aiko, mun ƙara jira washegari har motar ta cika. Ba wanda ya zo. A hanya na ce, “Baba, Bebeji za a kai ka?” Ya ce in ya koma za a tambaye shi yaya ya samu yaron, shi kuwa ƙarya ɗaya ta ishe shi zuwa kabari.

Da muka zo rafin nan direba ya ce ba ya sake gangancin, kowa ya sauka ya tsallaka da ƙafa. Na tattare wandona, na durƙusa, na saɓi tsohon a kafaɗa. Jama'a, ba nauyi. Ƙullin ɗinkina ya fi shi nauyi. A tsakiyar ruwan kuka ya ƙwace mini, ni da gemuna, mutanen ƙauyen nan na tsaye suna kallo.

Mun shigo Kiru ana kiran magariba. Uwargida ta dube ni ta dubi tsohon, ba ta tambayi riba ba, ta je ta ƙara tuwo. Na fita neman kuɗin kuza, na dawo ba akoko ba riba, sai uba. Abin da tafiyar ta koya mini kuwa, dā ina tsammani na san abin tsoro: daji, gawa, gunki. Yanzu na san ba su ba ne.

Yana nan a zaure, yana ɓare mini gyaɗa, yana yi mini faɗa in na zagi masu kawo ɗinki. In kun zo ku gaishe shi, amma kada wanda ya tambaye shi ko yana da ɗa. Sunan helman ma kada ku tambaye ni, wanda ya haife shi ya rufa masa asiri, ba ni zan tona ba. Jiya ina taka keken ɗinki yana jingine a gefe, har na ɗauka barci yake. Can sai ya ce, “Tela, dutsen nan da nauyi ƙwarai, ko?” Na ce ƙwarai kuwa, Baba. Ya ce, “Ka lura ko sun sa wa yaron gammo a kafaɗa?”